Awon hannun riga: abin da ake aunawa kafin almakashi ya taɓa yadi

Duk lokacin da salla ta matso, daga shagunan teloli na Kasuwar Dole a Damagaram har zuwa na Maraɗi da Tawa da Ƙonni, keke ba ya hutawa sai asuba. Haka kuma duk shekara, ranar jajibiri ba a rasa cacar baki a ƙofar shago. In kuka tsaya kuka saurara, sau da yawa ba aikin wuya ake wa faɗa ba, ba tsawon riga ba. Hannu ne. Wannan ya matse damtse, wancan ya tsaya bai kai agogo ba, wata kuma da ta ɗaga hannu sai rigar duka ta biyo ta sama. Shadda kuwa in an yanke ta an gama, tsinuwa ba ta mayar da ita.

Shi ya sa muka ga ya dace mu ajiye wannan bayani a rubuce, saboda ƴan koyo da ke shagunan ɗinki da cibiyoyin koyon sana'a, da mata masu keke a cikin gida, da kuma ƴan uwanmu da ke Libiya, Aljeriya, Abijan, Legas ko Faransa, waɗanda ke aiko da awo ta waya don a ɗinka musu a gida.

Da can iyayenmu ba su da wannan damuwa. Babbar riga ba ta san damtsen kowa ba, ƙyallayen saƙi ake jerawa a haɗe, faɗinta ya sauko bisa kafaɗa, mai ita ya naɗe abinsa. Awon ma da jiki ake yinsa: taƙi, kamu, gaba. Ɗinkin zamani ne ya zo da hannun da ake yankawa daban, a zo a dasa shi cikin ramin da aka yanke a jikin riga. Daga nan ne awon hannu ya zama ilimi mai zaman kansa, don kuwa lamba ɗaya ta tsawo ba ta isa ta ba da labarin hannun mutum.

Metir ɗin kansa

Kafin a taɓa mutum, a fara duba metir. Wanda teloli ke ratayawa a wuya fuska biyu gare shi: ɗaya santimetir, har 150, ɗaya kuma inci, har 60. Inci ɗaya santi 2,54 ne. A nan Nijar lakkol da santi ta koya mana, amma teloli da yawa na bakin iyaka a Kano ko Katsina suka koyi aiki, da inci suke lissafi. Ga inda tarkon yake. Dogon hannu na babban mutum yana iya zama inci 23, wato kusan santi 58. To santi 23 kuma daidai yake da gajeren hannu mai kyau. In ɗan uwa ya rubuto daga Kano cewa hannu 23, bai ce komai ba bayan haka, telan da ke aiki da santi ba zai ga abin mamaki ba, gajeren hannu zai yanka da zuciya ɗaya. Saboda haka duk lambar da za ku aika, ku faɗi ko santi ce ko inci.

Akwai wani tarkon da ba kowa ya sani ba. Wasu metir masu araha da ke shigowa daga Sin, bayansu ba inci ba ne, wani ma'auni ne na can da ya fi inci tsawo, kowane ɗaya santi uku da sulusi. Gane shi ba wuya: ku duba ƙarshen metir, in lambar bayan ta ƙare a 45 maimakon 60, ku yi aiki da fuskar santi kawai. Tsohon metir kuma yana miƙewa da shekaru, bakinsa na ƙarfe yana cirewa. Ku ɗora shi bisa abin jan layi na ɗan lakkol, ku ga ko 30 ɗinsu ta zo daidai. Wanda ke ƙauye ko wurin aiki babu metir, ya samu zare mai kauri wanda ba ya miƙewa, ya auna, ya ƙulla, sannan ya gwada bisa metir ɗin magini. Roba dai ba a awo da ita.

Tsayuwar wanda ake aunawa

Mutum ba ya auna hannunsa da kansa. Da ya juya ya kai ɗaya hannun, kafaɗa ta goce, awo ya lalace. A samu wani ya riƙe metir. Mace ta samu ƴar uwarta ko maigidanta, in telan namiji ne kuma ba ta son ya auna ta, sai a kai masa lambobin a takarda. A cire babbar riga, hijabi ko rigar sanyi, a bar riga marar nauyi. A tsaya tsaye yadda aka saba tsayawa, ba tsayuwar soja ba, kafaɗu a sake. Hannun da aka fi aiki da shi ake aunawa, galibi dama, domin yakan ɗan fi ɗayan kauri. Bahago a auna masa hagu. Manomi, maƙeri, mai ɗaukar kaya a tasha, matar da ke daka kullum, su ne suka fi nuna wannan bambanci.

Tsawo

Komai daga tsinin kafaɗa yake farawa. Ku bi ƙashin kafaɗa da yatsa daga wuya zuwa waje, inda ƙashin ya ƙare hannu ya fara gangarowa, nan ne. In kun yi shakka, mutum ya ɗaga hannu a hankali, za ku ji wurin da ya lotsa. Ku sa alama da alli ko ku soka fil a rigar, domin daga wannan ɗigo ɗaya za a auna faɗin kafaɗa, daga shi kuma za a auna hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna kafaɗa har ta sauko bisa damtse, sannan a koma sama a fara awon hannu. Santi biyu ko ukun nan an ƙirga su sau biyu ke nan, hannu ya zo ya rufe yatsu.

Mutum ya ɗan lanƙwasa hannu, kamar ya dafa ƙugu. Metir ya taso daga tsinin kafaɗa, ya bi ta bayan hannu, ya hau kan gwiwar hannu, ya sauka har ƙashin nan da ya fito a wuyan hannu ta gefen ƙaramin yatsa. A rubuta lamba biyu a tafiya ɗaya: inda gwiwar hannu take, da inda aka tsaya. Dalilin lanƙwasawar shi ne bayan hannu yana ƙara tsawo in an lanƙwasa shi, santi biyu zuwa uku. Wanda aka auna hannunsa a miƙe sambal, rigarsa za ta yi kyau in yana tsaye ana ɗaukar hoto, amma da ya kama kan babur ko ya ɗauki alƙalami, bakin hannu ya gudu sama.

Sai tsawon ciki, daga hammata zuwa wuyan hannu, hannu a sake. Kada a cusa metir can cikin hammata, a bar kamar faɗin yatsa biyu.

Zagaye

A nan ne riguna suka fi mutuwa, a nan ne kuma aka fi yin kasala. Damtse ake fara zagayawa, a wurin da ya fi kauri, ƙasa kaɗan da hammata. Metir ya kwanta a jiki, kada ya nutse cikin nama, kada kuma ya yi lilo, kuma ya zagaya a daidaice ba a karkace ba. Namiji mai ƙwanji a ce ya dunƙule hannu ya lanƙwasa, a sake aunawa, a ɗauki babbar lambar.

Daga nan gwiwar hannu, a lanƙwashe sosai, a zagaya ta kan tsininta. Sai wuyan hannu, bisa ƙashi. Na ƙarshe shi ne wanda kusan kowa ke mantawa, wato zagayen tafin hannu: a haɗe yatsu, a kwantar da babban yatsa cikin tafi kamar za a sa awarwaro, a zagaya wurin da ya fi faɗi. Wuyan hannu yana iya zama santi 16 alhali tafin 21 ne. In aka ɗinka bakin hannu da awon wuyan hannu, babu tsaga babu maɓalli, to rigar ba ta shiga sam. Mun taɓa ganin amarya ana murza mata sabulu a hannu don rigar biki ta wuce, ana dariya, ita kuwa hawaye take.

Lambobin nan na jiki ne, ba na riga ba. Atamfa da shadda da yadin maza ba sa miƙewa, dole a ƙara musu sarari. A damtse, hannun da ake so ya bi jiki ana ƙara masa santi 4 zuwa 5. Kaftani da rigar aiki sun fi haka, 8 ko 10 ma ba laifi, ga zafin Afrilu da Mayu da ke son iska ta ratsa. Yadi mai roba ne kawai ake yanka shi daf da awon jiki. Abin da muke roƙon masu aiko da awo daga waje shi ne kada su ƙara sararin da kansu su yi shiru. Kai ka ƙara biyar, tela ya ƙara biyar, ka samu buhu. Ku aiko da awon jiki tsantsa, ku ce na jiki ne, ku faɗi ko matsattse kuke so ko sakakke, sauran aikin tela ne.

Akwai gwajin da littattafan ɗinki na Turai ba su damu da shi ba, mu kuwa sau biyar muke yinsa a yini, wato alwala. Hannun riga dole ya naɗu har ya wuce gwiwar hannu. Bakin da tafi ya wuce ta cikinsa da ƙyar ba zai hau sama da gwiwa ba, sai dai a tuɓe rigar a bakin masallaci. Ko dai bakin ya fi zagayen gwiwar hannu faɗi, ko a yi masa tsaga mai tsawo da maɓalli. Mata masu son siririn hannu har wuyan hannu su tuna da wannan tun wurin zaɓen ɗinki.

Ramin hannu da kan hannu

Yanzu mu shiga ɓangaren teloli. Hannu ba ya zaman kansa, ramin da ke jikin riga shi ke ba shi umurni. Don haka jikin riga ake fara zanawa, a gama da ramin hannu, kafin a zana hannun. A jikin mutum ana auna ramin ta hanyar zagayo metir daga tsinin kafaɗa, ta gaba, ta ƙarƙashin hammata, ta baya, a dawo inda aka fara. Amma lambar da za a yi aiki da ita wajen zana hannu ita ce ta ramin da aka riga aka zana. A tsayar da metir bisa gefensa, a bi lanƙwasar a kan layin da ɗinki zai bi, ba bakin yanka ba, na gaba daban, na baya daban.

Mutane da yawa suna zaton in aka zurfafa rami aka sauke shi ƙasa, riga za ta fi sakewa. A rigar da ta bi jiki akasin haka ne. In hammatar riga ta yi nisa da hammatar mutum, da ya ɗaga hannu sai hannun riga ya jawo gefen rigar duka sama. Matar da ke ɗora tulu ko tire a ka ta san wannan, ga ciki a waje, ga mutane. Ramin da ya zauna kusa da hammata, ba tare da ya ci ta ba, shi ya fi ba hannu ƴanci.

Kan hannu shi ne tudun nan mai kama da doron raƙumi da ake yankawa a saman hannun riga. Tsayinsa ana samunsa ta hanya biyu. Ko a cire tsawon ciki daga tsawon waje, ko kuma a ɗaura zare a damtse daidai hammata, a auna daga tsinin kafaɗa zuwa zaren. Ga rigar mace mai bin jiki, yakan zo kusan kashi ɗaya cikin uku na zagayen rami. Ga rigar maza da kaftani yakan yi ƙasa da haka, kashi ɗaya cikin huɗu ko ma ƙasa.

Ciniki ne tsakanin kyau da motsi. Tunda zagayen ramin ba ya canzawa, in tudu ya yi tsawo hannu zai tsuke, ya sauko sumul babu tattara, amma ɗaga shi sai da dabara. In tudu ya kwanta hannu zai yi faɗi, a yi noma a yi daka a yi kabbara babu abin da ya ja, sai dai in an sauke hannu za a ga ƴan ninki a hammata. Ninkin nan ba kuskuren tela ba ne. A ganinmu, rigar da za a yi yini da ita gara a karkata wajen motsi, a bar dogon tudu ga kayan zaman biki. Tela nagari yakan tambayi abin da za a yi da rigar kafin ya tambayi irin aikin wuyan da ake so.

Misali a takarda

Mu ɗauki wata mace da awonta ya zo haka: tsawon hannu santi 58, gwiwa a 33, damtse 29, gwiwa a lanƙwashe 27, tafi 21. Ramin rigarta 22 ta gaba, 23 ta baya, jimla 45. Kashi ɗaya cikin uku 15 ke nan.

A samu takarda mai ƙwari, ta buhun siminti da aka kakkaɓe ma tana yi. A ja layi a tsaye mai tsawon 58. Daga samansa a sauko 15, a ja layi a kwance, shi ne layin damtse. A ɗora bakin metir a ƙololuwa, a karkata shi har 22 ta taɓa layin kwance ta gefe ɗaya, a sa ɗigo, gaba ke nan. A yi haka da 23 ta ɗaya gefen, baya ke nan. In kuka auna tsakanin ɗigon biyu za ku samu kusan 33 da rabi. Ku gwada da damtse: 29 da sararin 4 ko 5, ya zo daidai. Da a ce damtsenta 33 ne, faɗin bai isa ba, sai a rage tsayin tudu ko a ɗan buɗa ramin a jikin riga. Ba a ƙara faɗin hannu kawai a ce ɗinki zai gyara.

Layukan nan biyu na karkace jagora ne, a kansu ake zana lanƙwasa. Rabin sama ya kumburo waje da kamar santi ɗaya da rabi zuwa biyu, na ƙasa ya lotsa ciki. Gaba ya fi baya lotsawa, baya ya fi cika, saboda hannun ɗan Adam gaba yake miƙawa, bayan kafaɗa ne ke buƙatar yadi. Telan da ya ninka yadi ya yanke gaba da baya iri ɗaya don sauri, a sakakken kaftani zai tsira, a matsattsiyar riga kuwa gaba zai yi jaka, baya ya ɗaure.

Daga ƙarshen layin damtse a sauko zuwa baki. Tafi 21, a ƙara 2 ko 3, baki ya zama 24, rabi kowane gefen layin tsakiya. A duba faɗin a wurin gwiwa, zai zo wajen 29, ya fi 27, ta samu wurin lanƙwasawa. Amma 24 ba zai naɗu ya wuce gwiwa ba, don haka wannan hannu yana son tsaga, ko a buɗa bakin ya kai 28.

Sai a tsayar da metir a auna lanƙwasar da aka zana. Ya kamata ta fi ramin da santi 2 zuwa 3, rarar da ake shanyewa a saman kafaɗa don hannu ya zauna da ɗan tudu. Atamfa mai laushi tana shanye wannan. Shadda mai ƙarfi da sheƙi ba ta yarda, tattarewa take, a bar mata santi ɗaya ko ɗaya da rabi. Rigar maza kusan daidai da ramin ake yi. Bayan haka ne ake ƙara rarar ɗinki, santi ɗaya da rabi a kewaye, uku a baki don kalmasa. A ɗan tsaga alama ɗaya a gaba, biyu a baya, ɗaya a ƙololuwa inda za ta haɗu da ɗinkin kafaɗa. Layin tsakiya ya bi tsawon yadi, in ba haka ba hannu zai murɗe bayan wanki. A yanka biyun a ninke, fuska na kallon fuska, kada a wayi gari da hannun dama guda biyu. In yadin mai tsada ne, ɗan koyo ya fara gwadawa da tsohon zane, asarar awa ɗaya ce kawai.

In da riga za a yi awo

Da yawa daga cikinmu ba a auna mu, tsohuwar riga muke aikawa a ce a bi ta. Hanya ce mai kyau in rigar tana yi wa mai ita daidai a yau, ba shekara uku da suka wuce ba, kuma in irin ɗinkin ɗaya ne. Ba a bin hannun rigar ƙwallo a yanka shadda, waccan miƙewa take. Wanda ke nesa ya shimfiɗa rigar a ƙasa, ya auna tsawo daga ɗinkin kafaɗa zuwa baki, ya auna faɗin hannun daidai hammata da kuma faɗin baki. Faɗin da ya samu rabi ne, tunda rigar a ninke take, sai ya ninka shi biyu ko ya faɗa wa tela cewa rabi ne. Ya kuma ce awon riga ne, sarari na ciki, kada a ƙara.

Saƙon murya shi muka fi sabawa da shi a WhatsApp, amma sittin da saba'in ba su da wuyar rikicewa a kunnen telan da keke uku ke kuka a bayansa. Ku rubuta lambobin, ko ku sa yaro ya rubuta, kowace da sunanta. Abin da ya fi duka shi ne hoto: metir a jikin hannu, lamba tana fitowa sarai, tela ya ga da idonsa inda aka fara da inda aka tsaya. Wanda ya yi shekara biyu yana aikin gini a Aljeriya ko yana zaune a shago a Kwatano, jikinsa ba shi ne wanda ya bar gida da shi ba, kada ya ce tela na da awonsa a littafi.

Yara kuma nasu daban ne. Hannun yaro yana tsawo da sauri fiye da yadda yake kauri, don haka kayan salla ko na komawa lakkol a watan Oktoba, a yanka damtse daidai, a bar kalmasa mai zurfi a baki, santi 5 ko 6. In hannu ya gaza, uwa ta warware kalmasar da reza, ta sa dutsen guga, rigar ta sake kai shi wata shekara.